Jiki Magayi: Yadda Na'urorin Sadarwa Ke Faɗin Ciwonsu Daga Nesa

Gabatarwa

Hausawa na cewa jiki magayi, kuma ilimin halittu ya tabbatar da wannan magana. Idan ƙaya ta soki tafin ƙafa, jijiyoyin ji ne ke kai labari laka, laka ta miƙa wa ƙwaƙwalwa, mutum ya tsaya ya cire ƙayar. Amfanin wannan tsari yana fitowa sarari ga mai cutar kuturta. Ƙwayar cutar, wadda wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Gerhard Hansen ya gano a 1873, tana lalata jijiyoyin hannu da ƙafa, sai mutum ya ƙone ko ya yanke bai ji ba, raunin ya ruɓe. Yawancin asarar yatsu daga nan take tasowa.

Hanyoyin sadarwa na zamani su ma suna buƙatar irin waɗannan jijiyoyi. Wannan maƙala za ta bayyana yadda na'urorin raba hanya ke kai rahoton lafiyarsu ga masu lura da su, da yadda ake bin sawun matsala idan rahoton ya yanke.

Me ya sa Birnin Gwari?

Birnin Gwari na yammacin Jihar Kaduna, a kan tsohuwar hanyar Kaduna zuwa Legas. Kusa da ita akwai dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936, aka mayar da shi gandun daji na ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,120. Shekaru da dama 'yan bindiga sun addabi hanyar da ta ratsa Buruku da Udawa. A ƙarshen Satumba 2021 gwamnatin jihar ta sa aka katse layukan waya a wasu ƙananan hukumomi, har da Birnin Gwari, ba a mayar ba sai ƙarshen Nuwamba. A waɗannan watanni jama'a sun ga yadda kiran 'yan uwa, da tura kuɗi, da cinikin hatsi duk suka rataya a kan ƙarafunan sabis.

Wancan katsewa da gangan aka yi ta. Amma ko a ranar da babu wani umarni, ƙarfen sabis kan yi shiru saboda man janareto ya ƙare, ko waya ta tsinke, ko manhaja ta cije. A cikin gari injiniya na iya hawa mota ya je ya duba. A hanyar da tafiya ke iya cin rai, tilas ne ya san takamaiman abin da ya lalace kafin ya tura kowa.

Na'urar raba hanya da harshen rahoto

Saƙon da ya tashi daga wayar hannu yana bi ta na'urori da yawa kafin ya isa. A kowace mararraba akwai na'urar raba hanya, wadda ke duba adireshin saƙo ta zaɓa masa hanyar da zai bi. Waɗannan na'urori suna sanar da juna hanyoyin da ke buɗe ta wasu ƙa'idoji. OSPF na aiki a cikin gidan kamfani ɗaya, BGP kuma tsakanin kamfani da kamfani.

Domin lura da su aka ƙirƙiro wata ƙa'ida mai suna SNMP a 1988. Tsarinta mai sauƙi ne. A cibiyar sa ido akwai kwamfutar da ke tambaya, a cikin kowace na'ura kuma akwai manhajar da ake kira wakili, wadda ke amsawa. Tambaya na shiga ta ƙofa mai lamba 161. Idan wani abu ya auku ba zato, kamar faɗuwar layi, wakili ba ya jiran tambaya, sai ya aika da ƙararrawa zuwa ƙofa ta 162 a cibiyar. Duk abin da za a iya tambaya yana da lambarsa a wani kundi da ake kira MIB, wanda aka tsara kamar bishiya mai rassa. Alal misali, lamba 1.3.6.1.2.1.1.3 tana nuna tsawon lokacin da ya wuce tun da sashen rahoto na na'urar ya tashi. Idan cibiya ta ga wannan adadi ya koma kusa da sifiri, ta san an sake tayar da shi, sau da yawa saboda wuta ta ɗauke ta dawo.

Babban wakili da ƙananan wakilai

Manhajar raba hanya ta zamani gungu ce ta ƙananan manhajoji, kowace da aikinta. FRRouting, wadda ta samo asali daga Quagga a 2017, tana da sashe na OSPF daban, na BGP daban. Kowane sashe shi ya san halin da yake ciki, amma ƙofa ta 161 guda ɗaya ce. Wa zai amsa?

Maganin da aka samo shi ne ƙa'idar AgentX, wadda aka fara wallafawa a 1998, aka sabunta ta a 2000. Mai karatu zai fahimce ta idan ya tuna da tsarin sarautarmu. Baƙo ba ya bin masu unguwanni ɗaya bayan ɗaya, wajen hakimi yake zuwa, hakimi ya aika wa dagacin da abin ya shafa. A nan babban wakili shi ne hakimi. Shi ke karɓar tambaya daga cibiya, shi ke tantance ko mai tambayar yana da izini. Ƙananan wakilai su ne dagatai.

Idan ƙaramin wakili ya tashi, sai ya buɗe zama da babba, sannan ya yi rajistar reshen kundin da yake riƙe da shi. Daga nan duk tambayar da ta faɗo a wannan reshe, shi za a miƙa wa. Idan yana da ƙararrawa, ta hannun babban wakili za ta fita. Lokaci lokaci kuma yakan taɓa babban don tabbatar da cewa zaman yana nan.

Saita wannan magana tana da matakai uku. Na farko, a gaya wa babban wakili matsayinsa. A manhajar Net-SNMP ana rubuta layin master agentx a fayil ɗin snmpd.conf. Na biyu, a kunna AgentX a kowane sashe na manhajar raba hanya. Na uku, ɓangarorin biyu su yarda da wurin haɗuwa, ko dai wata kafa ta cikin gida da aka saba ajiyewa a /var/agentx/master, ko ƙofa mai lamba 705.

A nan akwai abin lura. AgentX ba ta tantance mai magana, ba ta kuma ɓoye abin da ake faɗa, domin an gina ta ne bisa cewa duka wakilan suna gida ɗaya. Don haka ba a barin ƙofa ta 705 a buɗe ga waje. Haka kuma, tsofaffin nau'o'in SNMP suna aika kalmar sirri a fili. Nau'i na uku, wanda ya zama cikakkiyar ƙa'ida a 2002, shi ne ke da tantancewa da ɓoye saƙo, kuma shi ya kamata a riƙa amfani da shi.

Bin sawu

Matsala mafi ruɗarwa ita ce wadda babban wakili ke amsawa lafiya lau, amma wani reshe ya zama wayam. Cibiya na ganin na'ura a raye, alhali labarin BGP ya daina zuwa. Wannan ita ce kuturtar na'ura: gaɓa na nan, ji ya tafi. Layi na iya faɗuwa ba a samu ƙararrawa ba.

A nan ake kunna bin sawu, wato a umarci manhaja ta rubuta duk maganar da ta wuce tsakanin wakilai, da lokacinta. A Net-SNMP ana ƙara -Dagentx wajen tayar da babban wakili. A na'urorin Juniper akwai sashen traceoptions. Mai karanta kundin yana bin tambayoyi a jere, kamar maharbin da ke bin sawun dabba a gefen rafi.

Shin an buɗe zama? Idan ba a buɗe ba, galibi ɓangarorin biyu suna neman juna a wurare dabam dabam ne, ko ƙaramin wakili ba shi da izinin shiga kafar. Idan an buɗe, an karɓi rajista? Wani lokaci wakilai biyu na neman reshe ɗaya, sai a ƙi na biyun. Idan an yi rajista, amsa na zuwa a kan lokaci? Net-SNMP na jiran daƙiƙa 1 ne idan ba a sauya ba. Jadawalin hanyoyin intanet na duniya ya haura 900,000 a 2022, don haka sashen BGP da ke fama da lissafi na iya makara, kuma idan makarar ta yi ta maimaituwa babban wakili na iya rufe zaman.

Bin sawu kamar magani ne mai ƙarfi, ana ba da shi da awo. Idan aka bar shi a kunne, rubutun na iya cika ma'ajiyar na'ura ya rage mata sauri. Saboda haka ana ƙayyade girman fayil da yawansa, a kashe shi da zarar an gano matsalar. Bugu da ƙari, dole agogon na'urori su daidaita, in ba haka ba ba za a gane abin da ya riga wani aukuwa ba.

Kammalawa

Idan na'ura ta yi shiru gaba ɗaya, galibi wuta ce ko waya, kuma sai an je wurin. Idan reshe ɗaya ne ya yi shiru, ana iya gyara shi daga cibiya ba tare da kowa ya hau hanya ba. Ga injiniyan da ke kula da ƙarafunan sabis na gefen dajin Kamuku, rarrabe waɗannan biyu shi ne bambancin aikin minti goma a ofis da tafiyar da iyalinsa za su wuni suna addu'a a kanta. Ɗalibanmu masu sha'awar wannan fanni na iya gwada duk abin da aka bayyana a kan tsohuwar kwamfuta ɗaya, domin FRRouting da Net-SNMP kyauta ake samunsu.