Masu Dafa Tajin a Maroko: Kaza, Zabibi da Garwashi

Bahaushe ya san inda yake ajiye zaƙi. Wurinsa kunu ne da fura, alkaki da nakiya, ko dabinon buɗe baki. Kaza kuwa ta yaji ce da gishiri, ko a yi farfesunta, ko a soya, ko a daka ta dambu. Shi ya sa duk ranar da ka ce wa uwargida akwai ƙasar da ake dafa kaza da zabibi da zuma da kirfa a tukunya ɗaya, abu na farko da za ta yi shi ne ta yatsina fuska. A Maroko wannan girkin shi ake ajiye wa baƙon da ake jin kunya, kuma mutane da yawa, maza da mata, da shi suke ci da iyalinsu. Sunansa tajin, sunan da ya ɗauko daga tukunyar da ake dafa shi a ciki.

Tukunyar ta yumɓu ce, kashi biyu. Ƙasanta kasko ne mai faɗi marar zurfi, murfin kuma dogo ne mai tsini kamar malfa. Wannan tsinin ba ado ba ne. Idan tururi ya tashi daga nama sai ya hau can sama inda yumɓun bai yi zafi sosai ba, ya koma ruwa, ya gangaro ta jikin murfin ya sake zuba a kan naman. Da haka ruwan da bai cika kofin shayi biyu ba yake isar kaza guda har ta nuna, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da ruwa da itace duk ba su wadata ba. A can ƙololuwar murfin akwai ɗan gurbi wanda ake kamawa a ɗaga, wasu masu dafuwar har ruwan sanyi suke zuba masa don tururin ya fi saurin komawa ƙasa.

Maginan tukwanen da suka fi suna suna garin Safi a bakin teku, inda akwai tudu guda da aka sani da tudun magina, sai unguwar Ulja a Sala kusa da Rabat, sai Fas. Baƙi kan ruɗu da masu zane shuɗi da kore da ke sheƙi a kasuwa, amma waɗannan na ɗaukar abinci zuwa gaban baƙo ne, wuta na taɓa su suke tsagewa, wasunsu ma akwai dalma a cikin shafen da ke sa su ƙyalli. Wadda ake girki da ita ja ce ko ruwan ƙasa, ba ta da wani kyan gani. Sabuwa ba a ɗora ta a wuta kai tsaye. Sai ta kwana a cikin ruwa, a shanya ta, a shafe cikinta da mai, a ɗumama ta a hankali. Mai sana'a kuma ba ya rabuwa da tsohuwar tukunyarsa da ta yi baƙi, don ta sha mai da ƙamshi shekara da shekaru.

Wanda yake son ganin sana'ar a fili ya tsaya a ɗaya daga cikin ƙauyukan da motoci ke yada zango a hanyar da ta tashi daga Marrakesh ta hau duwatsun Atlas zuwa Warzazat. Tun da hantsi za ka ga ƙananan murahun yumɓu, waɗanda suke kira majmar, an jera su a kan dakali, kowanne da tukunyarsa a kai. Mai wurin, wanda yaransa ke kira mu'allim, tun da asuba ya hura gawayi, amma ba ya ɗora komai sai harshen wuta ya mutu, garwashin ya fara rufuwa da farar toka. Nan ne farkon darasin da yaro ke koya, kuma yakan daɗe yana yankan albasa da fifita gawayi kafin a bar shi ya taɓa ƙunshin kayan yaji.

Shirin tukunya gini ne daga ƙasa zuwa sama. A zuba man zaitun, wani lokaci a haɗa da ɗan simin, wato man shanun da aka sa wa gishiri aka ajiye har ya yi ƙarfin wari. A shimfiɗa yankakkiyar albasa mai yawa ta rufe gindin kaskon, don ita ce za ta tsare naman daga kamu. A kanta ake ɗora kazar, wadda tun jiya aka wanke ta da gishiri da lemun tsami, aka murje ta da citta, masoro, kurkur, tafarnuwa da ɗan za'afaran da aka jiƙa a ruwan ɗumi. A cusa sandar kirfa ɗaya a gefe, a ɗaure ganyen kuzbara a jefa, a tsiyaya ruwa kaɗan ta gefen kaskon don kada ya wanke yajin da ke jikin naman. Daga nan a rufe.

Abin da ya rage aikin kunne ne da hanci. Ba a juya tajin da ludayi, ba a kuma yawan buɗe shi, don duk buɗewa asarar tururi ce. Mu'allim yana bin layin murahunsa yana sauraro. Tukunyar da ke ɓararraka wutarta ta yi yawa, sai ya sa ɗan ƙarfe ya janye garwashi biyu ko ya barbaɗa toka. Wadda ta yi shiru sai ya ƙara mata gawayi ɗaya. Sautin da yake nema shi ne ɗan ɓul-ɓul ɗin nan da ba ya yankewa kuma ba ya tashi. Idan romo ya fara tsartuwa ta bakin murfi, sai ya saƙala cokali tsakanin murfin da kaskon tururi ya ɗan sami hanya. Mutum ɗaya yana iya riƙe tukwane ashirin a haka, kowacce da lokacin da aka ɗora ta, ba agogo ba takarda.

A wurin busassun 'ya'yan itatuwa ne ake gane gwani, kuma a nan ne masu koyo daga littafi suka fi yin ɓarna. Idan ka zuba zabibi da zuma tare da kaza tun farko, zaƙin zai shige naman gaba ɗaya, sukarin ya ƙone a gindin kasko, 'ya'yan itacen su narke su zama kunu. Don haka daban ake dafa su. Ana ɗibar ludayi ɗaya ko biyu na romon kazar a zuba a wata ƙaramar tukunya, a sa albasa da aka yanka sirara, a bar ta ta yi laushi, sannan a kawo zabibin da aka jiƙa, garin kirfa, man shanu da zuma ko sukari. A bar su a wuta kaɗan har albasar ta yi ja ta yi danƙo. Wannan haɗin shi ake kira tafaya, kuma ana ɗora shi a kan kuskus ma. Wasu kan maye gurbin zabibin da busasshen mishmish mai ɗan tsami, wasu ɓaure, wasu dabino. Busasshen barƙuƙ, mai baƙin nan, an fi haɗa shi da naman rago ko na sa, amma ana yi da kaza. A ƙarshe wasu kan ɗiga ruwan furen lemu.

Ita kuma kazar, idan ta nuna, sai a buɗe murfin a bar romon ya tsotse har albasar ƙasa ta narke ta koma miya mai kauri, mai ya taso a gefe. Dagmira suke ce mata, kuma matan Fas da ita suke auna hannun mai girki: idan miya ta zo tsararo, duk tsadar za'afaran da aka zuba ta tashi a banza. Sai an zo ci ake ɗora tafayar a kan naman, a watsa soyayyen lauz da aka ɓare wa bayansa, da riɗi. Da haka kowace loma tana zuwa da gishirinta daban, zaƙinta daban, ga ɗan ƙaras-ƙaras na lauz. A ganina wannan rabuwar ita ce ke sa harshen da bai saba ba ya karɓi girkin, domin naman kansa bai zama alawa ba.

'Yan Maroko ma suna da rigimar kaza irin tamu. Akwai baladi, kazar gida mai kiwon kanta, akwai rumi, ta gidan gona. Ta gidan gona awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ta ishe ta, idan aka wuce haka ta wargaje. Baladi kan ci awa biyu ko fiye, ta fi tsada, amma ita ce ke ba da romon da ake wannan doguwar dafuwar dominsa.

Bayan kowane mai tajin akwai attar, mai sayar da kayan ƙamshi. A tsohon birnin Fas akwai kasuwar Attarin kusa da masallacin Ƙarawiyyin, a Marrakesh akwai dandalin Rahba Kadima. Kowane attar yana da nasa haɗin da ake kira rasul hanut, wanda kan ƙunshi abubuwa ashirin ko fiye, kuma ba ya faɗa wa kowa ma'auninsa. Akwai kanumfari a ciki, da kirfa, da gyaɗar ƙamshi, da busasshen furen wardi. A tsofaffin haɗe-haɗen akwai citta mai 'ya'ya, wadda ba ta tsiro a Maroko. Daga dazuzzukan Afirka ta Yamma ayarin raƙuma suka riƙa ƙetara Sahara da ita. Za'afaran kuwa na gida ne, mafi yawansa daga Taliwin a yankin Sus. A watannin Oktoba da Nuwamba ake tsinkar furen da sassafe kafin rana ta buɗe shi, kowane fure zare uku kacal yake bayarwa, kuma sai an tara fure wajen 150,000 kafin a sami kilo ɗaya busasshe. Wannan tsadar ce ta sa yawancin masu tajin na bakin hanya suke amfani da wata hodar rini mai ruwan ɗorawa. Launi kam tana bayarwa, ƙamshi ne babu.

Haɗa nama da zaƙi tsohon abu ne a wannan yanki. A shekarar 818 iyalai da yawa da aka kora daga Kurɗuba ta Andalus bayan wani bore suka sauka a Fas, har yau ana kiran ɓangaren da suka zauna da sunan Andalus, wasu kuma suka biyo baya bayan faɗuwar Garnaɗa a 1492. Littattafan girki na Andalus da Magrib na ƙarni na 13, irin su Fadalatul Khiwan na Ibn Razin at-Tujibi, cike suke da girke-girken nama da zuma da lauz da 'ya'yan itatuwa. Ba kwaɗayi kaɗai ya kawo haka ba. Muruziyya, wadda ake yi da naman layya da zabibi da zuma da mai da yawa, dabarar adana nama ce ta zamanin da babu firji, takan yi makonni ba ta lalace ba.

Maza ne ake gani a bakin titi, amma zurfin sana'ar yana hannun mata. A manyan gidajen Fas da Marrakesh na da, girki aikin dada ne, mace mai kula da madafi da renon 'ya'yan gida. Da yawansu bayi ne ko jikokin bayin da aka kawo daga kudancin Sahara, kuma abin takaici shi ne girkin da ake alfahari da shi a yau da sunan gidajen attajirai, hannun waɗannan matan ne ya gyara shi, ba tare da an rubuta sunayen yawancinsu ba. Magadansu a yau su ne tabbakha, matan da ake ɗauka haya don biki da suna. Su ba sa amfani da tukunyar yumɓu, don kaji hamsin ba sa shiga ciki. Manyan tukwanen ƙarfe suke jerawa a tsakar gida ko saman soro. A bikin aure an saba fara kawo kaza da lemun da aka tsuma a gishiri da zaitun, sannan nama da barƙuƙ da lauz ya biyo. Tabbakha ba ta da ma'auni sai tafin hannunta, kuma 'yarta ko yarinyar da ke taya ta ce ke gadon sanin.

Babbar abokiyar gabar wannan sana'a ita ce tukunyar matsi, wadda suke kira kokot, sunan da suka aro daga Faransanci. Kusan babu gidan da ba ta, kuma ba na ganin laifin matar da ta dawo daga aiki ta nunar da kaza cikin minti talatin a kan gas. Inda abin ya zama ha'inci shi ne gidajen abincin da ke kewaye da dandalin Jami'ul Fana na Marrakesh da sauran wuraren da baƙi ke taruwa, inda wasu ke dafa nama da yawa a kokot tun da safe, idan baƙo ya zauna a ɗebo a zuba a tajin, a ɗora a wuta minti biyar ya yi ɓararraka, a kawo masa a farashin na gaske. Ana gane shi: romon ruwa-ruwa ne, naman ya yi laushi amma yaji bai ratsa shi ba, gindin kaskon kuma tas yake, babu ɗan ƙanzon albasar nan da ake kankarowa da burodi. Wanda ya tsaya kan gawayi kuwa yana sayen gawayin, yana tsare wuta rabin yini, kuma abin da bai sayu ba zuwa la'asar asara ce a kansa.

Ba a cin tajin da cokali. Ana ajiye kaskon a tsakiya, kowa ya gutsuri burodi da hannun dama ya ci daga gabansa, a fara da miya, naman kuma mai gida ne ke rarraba shi ya tura wa baƙo tsoka mai kyau. Masu zuwa ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas daga Kano da Kaduna da Zinder suna wuce irin waɗannan shaguna kullum a lungunan tsohon birni, da yawansu kuma sai su nemi shinkafa da soyayyar kaza don gudun abin da ba su sani ba. Idan Allah ya kai ka, ka nemi wurin da murahun gawayi suke a waje kana ganinsu, ka je da hantsi ka ce a ɗora maka na kaza da tafaya, ka tafi ka yi ziyararka, ka dawo bayan azahar.