Me Ya Sa Baƙin Mai Ke Ɗiga Daga Matatar Iskar Babur?

A wannan fitowar zan yi bayani ne a kan wani abu da ya faru a gidanmu a hutun da ya wuce, da kuma abin da na koya daga gare shi. Na san da yawa daga cikinmu akwai babur a gidajensu, wasu ma a kansa ake kawo su makaranta kullum.

Babanmu yana da babur ɗaya. Da shi yake ɗauko kayan miya daga kasuwa da asuba, da shi kuma yake sauke ni da ƙanwata a bakin makaranta. Idan babur ɗin ya kwana bai fita ba, ranar babu ciniki. Wata safiya muka ga baƙin mai ya ɗiga a ƙasa inda aka ajiye shi. Da muka duba sai muka ga ba daga gindin injin yake fitowa ba, daga akwatin roba na gefe ne, ƙarƙashin wurin zama. Babur ɗin kuma ya fara shan fetur fiye da da, yana tari idan aka murɗa masa wuta.

Baba ya tsaya wurin wani mai gyara a bakin hanya. Mutumin ya leƙa kawai ya ce injin ya gama aiki, sai an kwance shi an sa sabon fistin da ringi. Kuɗin da ya faɗa ya kai abin da Baba ya tara don littattafanmu na wannan zangon. Da daddare babu wanda ya ci tuwo da daɗi. Washegari Mama ta ce a kai wa Kawu, ƙanenta, wanda ya daɗe yana gyaran babura. Ni aka tura in riƙe masa sifana, shi ya sa na ga komai da idona.

Mece ce matatar iska?

Injin babur ba fetur kaɗai yake sha ba, yana shan iska ma, domin wuta ba ta ci sai da iska, kamar yadda muka karanta a darasin kimiyya. Amma iskar garinmu cike take da ƙura, musamman da hunturu. Don haka aka sa wani soso ko takarda mai ninki a cikin wancan akwatin, iska ta bi ta ciki kafin ta shiga kafireta. Ita ce matatar iska, makanikai kuma suna ce mata eya kilina. Aikinta ta tare ƙura. To, me ya kai baƙin mai wurin da iska kaɗai ya kamata ta bi? Wannan ita ce tambayar da na yi wa Kawu.

Hanyar da man yake bi

Kawu ya nuna mini wani siririn tiyo da ya taso daga jikin injin ya shiga akwatin matatar. Ya ce, "Ka ga wannan? Shi ne hancin injin, ta nan yake numfashi."

Ga yadda abin yake. A cikin injin akwai fistin da ke hawa da sauka sau dubbai a minti ɗaya. A samansa fetur ke ƙonewa, a ƙasansa kuma akwai ɗakin da baƙin mai yake kwance. Fistin yana sanye da zobba na ƙarfe da ake kira ringi, su ne ke hana hayaƙin sama sauka ƙasa. Amma ko injin sabo ne, ɗan hayaƙi kaɗan yana kufcewa ya sauka ɗakin mai. Idan babu hanyar fita, sai ya taru ya matsa har ya fasa robobin da ke tare mai. Shi ya sa aka yi wannan tiyon, ya kwashe hayaƙin ya mayar da shi akwatin matata, injin ya sake shaƙarsa ya ƙona.

Hayaƙin yana tahowa da ɗan tururin mai. Saboda haka ganin ɗan danshin mai a cikin akwatin ba abin tsoro ba ne. Amma idan man ya kwanta har yana ɗiga, akwai dalili, kuma ya kamata a nemo shi.

Dalilai biyar

1. Zuba mai fiye da kima. Idan man ya wuce iyakarsa, ƙarfen da ke juyawa a ƙasan injin yana burga shi kamar yadda maburgi ke burga miyar kuka. Sai ya yi kumfa, ya fantsama sama, ya bi tiyon. Daidai yake da tukunyar koko da aka cika har baki aka ɗora a wuta.

2. Faɗuwar babur. Idan babur ya kwanta a gefensa na ɗan lokaci, man yana gangarawa ta tiyon ya shiga akwatin. Wannan yakan faru ko da injin lafiyarsa lau.

3. Fetur ya gauraya da man. A cikin kafireta akwai wata 'yar allura da ke tsayar da fetur idan ya isa. Idan ta lalace aka kuma bar makunnin fetur a buɗe, fetur yana iya tsiyaya ya sauka cikin baƙin mai. Sai man ya ƙaru da kansa, ya tsinke kamar ruwa. Ana gane wannan ta hanyar sansana ma'aunin mai, za a ji warin fetur.

4. Jiƙa soson da mai da yawa. Matatar soso ana shafa mata ɗan mai don ta riƙe ƙura. Idan an cika hannu, ragowar yana tsiyaya ƙasan akwatin.

5. Cinyewar ringi. Wannan ne babba. Idan zobban sun ci, hayaƙi mai yawa yana sauka ƙasa ya turo man waje da ƙarfi. Amma yana da alamominsa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi daga salansa, raguwar man kullum, babur ya rasa ƙarfin hawan tudu, ya kuma yi wuyar tashi.

Huɗu daga cikin biyar ɗin nan ba sa buƙatar a kwance injin. Shi ya sa Kawu ya ce mai hankali yana farawa da abin da dubawarsa kyauta ce.

Abin da ya sami babur ɗinmu

Kawu ya tayar da babur ɗin na 'yan mintuna, ya kashe, ya tsayar da shi a miƙe a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai baje. Da man ya kwanta sai ya zaro ma'aunin, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa. A jikin ma'aunin akwai layi biyu, na ƙasa da na sama, kuma a tsakaninsu ake son man ya tsaya. Namu ya haye layin sama da nisa. Kawu ya ɗago kai ya ce wa Baba, "Yaya, wa ya yi wa babur ɗin nan juye?"

Sai yayana ya sunkuyar da kai. Shi ne ya yi, don ya rage wa Baba kuɗin gareji. Ya juye sabuwar gora duka, sannan ya ƙara da ragowar man da ya samu a ɗaki, a tunaninsa yawan mai zai sa injin ya fi sanyi. Kawu bai yi masa faɗa ba. Ya nuna masa cewa yawancin ƙananan baburan da muke hawa ba sa cin fiye da kusan lita 1, kuma ainihin adadin yana cikin littafin babur, wasu ma a jikin injin aka rubuta shi.

Ya zubar da man duka ya zuba sabo daidai gwargwado. Ya goge akwatin, ya wanke soson da kananzir, ya matse shi a tafin hannu ba tare da murɗawa ba don kada ya yage. Da ya bushe ya ɗiga masa mai kaɗan, ya sake matsewa. Ya kuma goge fulogi, wanda ya yi baƙi ƙirin. Ashe soson da ya jiƙe ne ya hana iska wucewa, fetur ya yi wa injin yawa, shi ne tarin da muke ji. Da matatar ta takarda ce, in ji shi, ba ta wankuwa, sai dai a sayi sabuwa. Ya kuma gargaɗe mu kada a taɓa cire matatar a yi yawo babu ita, domin ƙura za ta ci ringi kamar sanfefa, matsalar da ake gudu ta zo da gaske.

Yadda ake karanta gorar man juye

Da muka je sayen man, Kawu ya koya mini karanta rubutun jikin gora. Abu huɗu ake dubawa.

Na farko, 4T ko 2T. Yawancin baburan yanzu, irin su Boxer, 4T suke sha, wato man da ke zama a ɗakinsa. Shi kuwa 2T na injin da ke ƙona mai tare da fetur ne, kamar ƙaramin janareton nan mai hayaƙi. Ba a sa ɗaya a madadin ɗaya.

Na biyu, lambar kauri, kamar SAE 20W-50 ko 10W-40. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man ke gudu idan injin ya yi sanyi, kuma ƙaramar lamba ta fi saurin gudu da sanyin safiya. Ta biyu tana nuna kaurinsa idan injin ya yi zafi, ana auna ta ne a zafin digiri 100. Injin baburanmu iska ce ke sanyaya shi, ga shi da bazara zafin rana yana haura digiri 40 a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Maiduguri. Shi ya sa 20W-50 ya yi yawa a shagunanmu. Duk da haka, lambar da kamfanin babur ya rubuta a littafinsa ita ce abin bi, domin akwai baburan da aka ƙera su don mai mara kauri sosai.

Na uku, alamar API, wadda ta fito daga wata cibiyar harkar mai ta Amurka. Idan ta fara da S, kamar SJ ko SL, na injin fetur ne. Idan da C ta fara, na injin dizal ne.

Na huɗu, alamar JASO, wadda masana'antun motoci na Japan suka fito da ita don man babura a 1998. Dalilinta shi ne, a babur mai giya, mai ɗaya ne ke wanke injin da giya da kuloci. Wasu mayukan mota an sa musu sinadarin ƙara santsi, wanda zai sa kulocin babur ya riƙa zamewa: ka murɗa wuta, injin ya yi kuka, babur bai ƙara gudu ba. Don haka babur mai giya yana son JASO MA ko MA2. Mai alamar MB na baburan da ba a sa musu giya da ƙafa ne.

Hattara da man awo

Akwai man da ake sayarwa a buɗe cikin robar ruwa, babu suna babu lamba. Yana da araha, amma ba ka san mene ne a ciki ba, yana iya zama tsohon mai da aka tace. Wasu sukan murza shi a yatsa su ce ai yana da kauri. Kauri a yatsa ba shi ne inganci ba, domin abin da ake so shi ne ya riƙe kaurinsa a cikin injin mai zafi. A sayi gora mai rufaffen baki, a duba alamar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya. Haka kuma mai mai kauri ba ya gyara ringin da ya ci, ɓoye hayaƙin kawai yake yi na ɗan lokaci.

Tsohon man da aka juye kuma kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, yana gurɓata ruwa. A tara shi a gora a kai gareji. Mu yara kada mu taɓa injin da salansa idan suna da zafi, kuma kada mu kwance komai sai da babba a kusa.

Yanzu wata biyu ke nan, ko ɗigo ɗaya ba mu sake gani ba. Kuɗin man juye kawai Baba ya kashe, littattafanmu kuma an saya. Duk ranar Asabar ni da yayana muke duba ma'aunin kafin Baba ya fita, kuma ni ne mai riƙe tsumma. Idan kun ga irin wannan ɗigon a gidanku, ku ce a fara zaro ma'aunin mai a duba layi kafin a yarda a kwance injin. Matambayi ba ya ɓata.

Daga ɗan ƙungiyar 'yan jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare.