Fenti ba ya tare ruwa: gyaran tsohon jirgin katako a Yeji

A bakin tafkin Volta a Yeji, inda ake tsallakar da fasinja da kaya zuwa Makango, ba ka rasa tsohon jirgin katako da aka jawo kan tudu yana jiran kafinta.

Babban abokin gabar jiragen nan yana ƙarƙashin ruwa. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya shanye dazuzzuka, amma kututturan suna nan tsaye, suna fasa cikin jirgi.

Gyaran gaskiya daga ƙasa yake farawa. Kafinta zai bi katako ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, don ruɓaɓɓe sautinsa daban ne. A cire shi a sa sabo, a canza ƙusoshin da suka yi tsatsa, a cusa tsumma tsakanin katakai, a bi da kwalta. Sannan a ƙarfafa katakon baya, shi ke ɗauke da inji da girgizarsa.

Fenti ne ƙarshe, amma wasu masu jirgi da shi suke farawa, wai sauƙi. Ɗan'uwa, kafin ka shigar da iyalinka, leƙa ciki tukuna. In ka ga yaro yana ta kwarfe ruwa tun ba a tashi ba, jira na gaba.