Abubuwan da ya kamata ka sani game da tsofaffin agogunan kuronogiraf

Kuronogiraf agogon hannu ne mai maɓallai a gefe. Ka danna, allurar daƙiƙa ta tashi, ka sake dannawa ta tsaya, a ga tsawon lokacin da tsere ko tashin jirgi ya ɗauka. Waɗanda aka ƙera kafin 1980 su ne masu tara agoguna suka fi nema.

Suna daban, inji daban

Rolex Daytona ya fito a 1963, kuma da farko bai yi kasuwa ba. Injin da ke cikinsa, Valjoux 72, ba Rolex ne ya ƙera shi ba, saya yake yi ya gyara. Wannan injin dai shi ne a cikin Heuer Carrera, wanda shi ma ya fito a 1963. Amma a Oktoban 2017 an yi gwanjon Daytona ɗin ɗan fim Paul Newman a New York kan kusan dala miliyan 17.8. Carrera kuwa bai ko kusanci wannan kuɗi ba. Wanda ya saya, labari ya saya da sunan mai shi.

Waɗanda aikinsu ya yi musu shaida

Omega Speedmaster, wanda aka fara ƙerawa a 1957, ya ci gwajin zafi da sanyi da girgiza na hukumar NASA a 1965, kuma shi ne agogon da ɗan sama jannati Buzz Aldrin ya ɗaura a duniyar wata a 1969. Masana sun fi son mai inji lamba 321, wanda aka sauya da 861 a wajajen 1968.

A ganina kamfanin Zenith ne aka fi tauye wa haƙƙi. Injinsa El Primero na 1969 yana yi wa kansa wani da motsin hannu, yana bugawa sau 36,000 a awa, har yana iya auna kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Rolex da kansa a kan wannan injin ya gina Daytona daga 1988 zuwa 2000. Mai ƙaramin ƙarfi kuma yana da Seiko 6139 na Japan, shi ma na 1969.

Kada a taɓa fuskar agogo

Tsohon agogon da fuskarsa ta koɗe ya fi wanda aka sake wa fenti daraja, haka ma jikin da ba a goge shi da inji ba. Babban abin tsoro shi ne haɗe-haɗe: fuska daga nan, allurai daga can. A Nuwamban 2021 an sayar da wani Speedmaster a Geneva kan fiye da faran miliyan 3 na Suwizalan, kuma Omega ne ya saya domin gidan tarihinsa. A 2023 kamfanin ya fito ya ce da sassan agoguna daban-daban aka harhaɗa shi. Saboda haka kafin ciniki a buɗe bayan agogo, a duba lambar inji ko ta dace da shekarar da aka faɗa, a kuma nemi takardunsa.