Lucille La Verne: Tsohuwar Da Ta Fara Da Fuska, Ta Ƙare Da Murya

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin zane mai motsi na Snow White and the Seven Dwarfs, wanda kamfanin Walt Disney ya fitar a watan Disamba na 1937, zai tuna da muguwar sarauniyar nan da ta rikiɗa ta koma tsohuwa mai ƙusumbi, ta ɗauki tuffa mai guba ta nufi gidan wadanni. Yara da yawa a duniya sun kwana da tsoron dariyarta. A shekarar 2003 Cibiyar Fina-finai ta Amurka ta sanya wannan sarauniya ta goma a jerin miyagun da suka fi shahara a tarihin fina-finan ƙasar. To amma ka tambayi mai kallo, muryar wa yake ji? Da wuya ka sami amsa, domin ba a rubuta sunan masu muryoyin a jikin fim ɗin ba. Sunan matar Lucille La Verne, kuma ita ce ta yi muryar sarauniyar, ita ce kuma ta yi ta tsohuwar.

A matsayina na ɗalibin ilimin harsuna, abin da ya ja hankalina ga wannan baiwar Allah shi ne yadda sana'arta ta kasu gida biyu. A kashin farko masu kallon fim sun ga fuskarta ba su ji muryarta ba, domin zamanin fina-finai marasa sauti ne. A aikinta na ƙarshe kuwa an ji muryarta ba a ga fuskarta ba. Tsakanin waɗannan biyu akwai darasi game da yadda ɗan Adam ke isar da saƙo, akwai kuma darasi game da yadda ake mantawa da waɗanda suka ɗauki nauyin labari a kafaɗarsu.

An haife ta a 1872 a yankin Nashville ta jihar Tennessee, a kudancin Amurka. Tun tana yarinya ta hau dandalin wasan kwaikwayo, ta yi shekaru tana yawo da ƙungiyoyin 'yan wasa gari-gari. Lokacin da ta fara fitowa a fim, a 1915, ta haura shekara arba'in. Masu shirya fim na wancan zamani 'yan mata suke nema su zama taurari, irin su Mary Pickford da Lillian Gish. Mace mai irin shekarunta sai dai a ba ta matsayin uwa, ko gwaggo, ko mai aikin gida, ko tsohuwar banza. Irin waɗannan 'yan wasa Turawa suna da suna na musamman da suke kiran su da shi, ma'anarsa ɗan wasan da aikinsa fito da wani hali sananne, wanda da zarar ya bayyana mai kallo ya gane ko wane iri ne. Ba a rubuta sunansu da manyan baƙaƙe a allon talla, amma in babu su labari ba ya tsayuwa, kamar yadda tukunya ba ta zama sai da duwatsun murhu.

Babban aikinta a wannan zamani shi ne fim ɗin Orphans of the Storm na 1921, wanda D. W. Griffith ya ba da umarni. An ɗauko labarin daga wani wasan kwaikwayo na Faransa na 1874, Griffith kuma ya mayar da shi zamanin juyin juya halin Faransa. 'Yan mata biyu ne suka shiga birnin Faris neman magani, domin ɗayarsu makauniya ce. Lillian Gish da ƙanwarta Dorothy Gish ne suka fito a matsayinsu. Aka sace mai idon, makauniyar ta rage ita kaɗai a kan titi, sai ta faɗa hannun wata tsohuwar mabaraciya mai suna Frochard. Tsohuwar ta ga hanyar abinci ta samu, ta tilasta wa yarinyar yin waƙar bara cikin sanyi, da ta ƙi kuma ta jefa ta cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai cike da ɓeraye. La Verne ce wannan tsohuwa, da tsummokara a jiki da gashin baki a leɓe.

Mai karatu ya dubi wahalar wannan aiki. Ba ta da damar ɗaga murya ko sassauta ta. Abin da aka tanada kawai shi ne allon rubutu da akan saka tsakanin hotuna, mai ɗauke da jimla ɗaya ko biyu, sai kuma kiɗan da ake yi a cikin gidan sinima yayin da ake kallo. Duk sauran saƙon dole ya fito daga ido da kafaɗa da yatsu da irin takun ƙafa. Ga ta tana marairaicewa gaban mai kuɗi tana roƙon sadaka, yana juya baya fuskar ta murtuke. Mu a fagen nazarin harshe mun san cewa magana ba ta tsaya ga kalmomi ba. Harara da zumɓura baki da taɓe leɓe da ƙifta ido duk suna da ma'ana, kuma Bahaushe ya riga ya faɗa cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Fim marar sauti ya ɗauki wannan ɓangare na sadarwa ya ɗora masa dukkan kaya. Shi ya sa ma irin waɗannan fina-finai suka tsallaka iyakokin ƙasashe cikin sauƙi, domin canza allon rubutu zuwa wani harshe ya wadatar.

A kan mai taka rawar gefe nauyin ya fi yawa. Tauraruwa tana da sa'a biyu ta gina halinta a zuciyar mai kallo, ita kuwa tsohuwar mintoci kaɗan gare ta. Kuma tausayin da muke ji wa makauniyar gwargwadon tsoron da tsohuwar ta jefa mana ne. Da La Verne ta yi sakaci, da hawayen Dorothy Gish sun tafi a banza. Griffith ya gane haka, ya sake kiran ta a The White Rose na 1923 da America na 1924. A 1923 ɗin kuma ta fito tare da Gloria Swanson a fim ɗin Zaza.

A wannan shekara ta 1923 ta sami rawar da ta fi ɗaukaka ta a dandali, a wasan Sun-Up na marubuciya Lula Vollmer. Ta fito a matsayin wata bazawara mai suna Cagle, mazauniyar duwatsun jihar North Carolina, wadda ta tsani hukuma saboda jami'inta ne ya kashe mata miji. Ɗanta ya tafi Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kashe shi. Sai ta ba wani saurayi da ya gudo daga soja mafaka, daga baya ta gano ɗan wanda ya kashe mijinta ne, ta ɗaga bindiga, sa'annan ta fasa. Ta kai wannan wasa har Landan, har ma aka taɓa sanya wa wani gidan wasa a birnin New York sunanta na ɗan lokaci. Ƙarfin wasan yana cikin karin harshen mutanen dutse, da yadda suke jan wasali da taƙaita zance. Da kamfanin MGM ya mayar da shi fim a 1925, ita ce dai ta sake fitowa, amma wannan karin harshe ya koma rubutu a allo. A ganina nan ne iyakar fim marar sauti ta bayyana. Fuska tana iya nuna baƙin ciki, amma ba ta iya gaya maka garin da mutum ya fito ko ajinsa a cikin al'umma kamar yadda lafazinsa zai yi.

Bayan fim ɗin The Jazz Singer na 1927, sauti ya mamaye masana'antar cikin 'yan shekaru, kuma taurari da dama suka ji a jikinsu. Emil Jannings, Bajamushen da ya fara cin lambar Oscar ta gwarzon ɗan wasa, ya koma ƙasarsa domin Ingilishinsa yana da nauyin Jamusanci. Ita kuwa La Verne, abin nema ne ya samu. Shekarun da ta yi a dandali sun horar da muryarta. A 1930 ta fito a matsayin uwar James Cagney a Sinners' Holiday, fim ɗinsa na farko. A 1931 ta fito a Little Caesar, tsohuwar da ta ɓoye ɗan daba ta kuma cinye masa kuɗi. A 1935 ta sake komawa zamanin juyin juya halin Faransa a A Tale of Two Cities, tana dariyar mugunta yayin da ake fille kawuna.

Daga nan sai aikin Disney. Murya biyu aka nema daga baki ɗaya: ta sarauniya mai sanyi da isa, kowane harafi a mazauninsa, da ta tsohuwa mai ƙarƙara da kaushi. Ma'aikatan kamfanin sun riƙa ba da labarin cewa da aka zo kan muryar tsohuwar, sai ta fita ta cire haƙoran roba da ke bakinta ta dawo. Duk ɗalibin ilimin furuci zai gane hikimar, domin sautuka irin su "s" da "f" da haƙora ake sarrafa su, in haƙoran suka tafi furucin ya sauya gaba ɗaya. Wannan ne fim ɗinta na ƙarshe. Ta rasu a watan Maris na 1945 a jihar Kalifoniya.

Me ya sa na kawo wannan tarihi a shafin nan? Dalili na farko shi ne adana kaya. Wani rahoto da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya fitar a 2013 ya nuna cewa cikin fina-finai marasa sauti kusan 11,000 da aka yi a ƙasar daga 1912 zuwa 1929, kimanin kashi 70 cikin ɗari sun ɓace baki ɗaya. Wasu sun ruɓe, wasu gobara ta cinye, wasu kamfanonin da kansu suka zubar domin suna ganin ba su da sauran kasuwa. Muna iya magana a kan La Verne ne saboda Orphans of the Storm ya tsira. Idan ƙasa mai arziki irin wannan ta yi irin wannan asara, ina makomar kaset-kaset ɗin bidiyon Hausa da aka fara yi tun daga Turmin Danya a 1990? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dalili na biyu shi ne haƙƙi. A fina-finanmu ma akwai dattawan mata da ke fitowa a matsayin uwar miji da kishiya da kaka, akwai mawaƙan da muryarsu ke tashi yayin da wani ke motsa baki, akwai masu fassara fina-finan Indiya da muke jin su ba mu ganin su. Kiran da zan yi ga masu shirya fina-finai shi ne su rubuta sunan kowa a inda za a gani, su biya shi daidai da guminsa. Jami'o'inmu kuma, musamman sassan nazarin Hausa da na aikin jarida, su tura ɗalibai su ɗauki tarihin waɗannan dattawa daga bakinsu tun suna raye, su kuma tattara tsofaffin kaset-kaset su mayar da su cikin kwamfuta. La Verne ta yi sa'a, sunanta ya tsira a cikin takardu. Mu namu takardun ba su da yawa, mafi yawan tarihin yana cikin ƙwaƙwalwar mutanen da shekaru ke ja. Allah Ya sa mu farga da wuri.