Jami'ar Legas ta Tarayya Ce, Kuma Arewa Na da Kaso a Cikinta

Jami'ar Legas, wadda aka fi sani da UNILAG, tana unguwar Akoka ne a yankin Yaba, gab da babban tafkin Legas da ke haɗe da tekun Atlantika. Daga gefen harabar da ke kallon ruwa ana hango Gada ta Uku, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka kammala a 1990, ga kuma masunta na kai da kawowa cikin kwalekwale a ƙarƙashinta. Sashen koyar da likitanci ba ya nan. Yana Idi-Araba, tare da asibitin koyarwa na jami'ar.

Dokar Majalisar Tarayya ce ta kafa ta a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, bayan rahoton kwamitin Ashby ya nuna cewa jami'ar Ibadan ita kaɗai ba za ta iya samar wa sabuwar ƙasa ma'aikatan da take buƙata ba. Ta fara da ɗalibai 131, da fannoni uku: shari'a, likitanci, da kasuwanci. Akwai wani bambanci a nan da ya kamata a riƙe. Jami'ar Zariya ta gwamnatin Jihar Arewa ce a lokacin, ta Ife ta Yamma, ta Nsukka ta Gabas. Ta Legas kuwa tun ranar farko ta Gwamnatin Tarayya ce, an gina ta a babban birnin ƙasa na wancan zamani domin kowa da kowa.

Ba ta tsira daga rigimar ƙabilanci ba. A 1965 aka ƙi sabunta wa'adin shugabanta na farko, Farfesa Eni Njoku, aka naɗa Farfesa Saburi Biobaku, rikici ya ɓarke har aka rufe makarantar na wani lokaci, malamai da dama suka bar aiki. A 1978 kuma daga nan aka ja ragamar zanga-zangar ɗalibai ta ƙasa baki ɗaya kan ƙarin kuɗin abinci da na ɗakin kwana, lokacin da Kanal Ahmadu Ali ke riƙe da ma'aikatar ilimi. An kashe ɗalibi a Legas, an kashe wasu a Zariya. A ranar 29 ga Mayu, 2012, Shugaba Goodluck Jonathan ya sanar da sauya mata suna zuwa na marigayi Moshood Abiola, ɗalibai da tsofaffin ɗalibai suka yi tsaye suka ƙi, sunan bai sauya ba. A 2022 Farfesa Folasade Ogunsola ta zama mace ta farko da ta shugabance ta.

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamako, sai wata magana ta sake zagayawa a majalisu da gidaje a Arewa, wai jami'o'in Kudu irin ta Legas ba sa ɗaukar ɗan Arewa, don haka ɓarnar gurbi ne yaro ya cike ta. Iyaye kan faɗa da tabbaci, wasu malaman sakandare ma su mara musu baya, masu shagunan cike fom su ɗora nasu. Yawancin masu faɗin ba su taɓa duba ƙa'idar ɗaukar ɗalibai ba. Tsarin da aka daɗe ana bi a jami'o'in tarayya ya raba guraben karatu gida uku: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki ne daga ko'ina a ƙasar, kashi 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma an ware wa jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko. Jihohin da ke kewaye da Jami'ar Legas su ne Legas, Ogun, Oyo, Osun, Ondo da Ekiti. A rukuni na uku kuwa akwai Kano, Katsina, Jigawa, Sakkwato, Kabi, Zamfara, Bauchi, Gombe, Yobe, Borno da sauransu, tare da wasu jihohin Kudu kamar Bayelsa da Ebonyi. Ke nan ɗan Katsina mai maki yana da ƙofa biyu a buɗe cikin ukun.

Lamarin kamar watanda ne. Kuɗin kowa ya shiga cikin saniyar, an yanka, an kasa, kowane gida da kashinsa. Amma gidan da bai aiko yaro da kwano ba, ba za a bar naman ya kwana yana jiransa ba, wani za a miƙa wa. Gurbin da babu wanda ya nema daga jihar da aka ware wa ba ya zama fanko. Badi kuma sai a dubi jerin sunayen waɗanda aka ɗauka, a ga babu Musa babu Hadiza, a ce ai da ma an faɗa. Ba a musun cewa ana samun son kai da alfarma a ɗaukar ɗalibai a jami'o'in ƙasar nan, Kudu da Arewa. Sai dai wanda bai nema ba ba shi da bakin cewa an hana shi.

Abin da ke gaskiya shi ne shiga Jami'ar Legas na da wuya, domin tana cikin waɗanda aka fi rububinsu. Ba ta sauraron wanda bai sa ta a zaɓi na farko ba, kuma ba ta duba wanda bai kai maki 200 ba a jarrabawar JAMB. Tana son kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, a zama ɗaya. Haɗa sakamakon WAEC na bana da NECO na bara ba ya karɓuwa. Daga nan sai ta yi tata jarrabawar tantancewa a kwamfuta, ta haɗa jimilla: rabi daga JAMB, kashi 30 daga tata jarrabawar, kashi 20 daga sakamakon sakandare. Wannan sharaɗi na zama ɗaya shi ke kayar da yara da yawa tun kafin a kai ga batun jiha, kuma abin takaici ne yadda makarantu ba sa sanar da 'yan ajin ƙarshe da wuri.

Wanda ya samu shiga zai tarar da alamun gida tun daga sunayen gine-gine. Cikin gidajen kwanan ɗalibai akwai na Sarauniya Amina, da na Makaman Bida, da na El-Kanemi, a jere da na Moremi da Jaja da Mariere. Shehun Borno, Alhaji Abubakar Ibn Umar Garbai El-Kanemi, shi aka naɗa uban jami'ar a 2015. Akwai babban masallaci a cikin harabar, kuma ƙungiyar ɗalibai Musulmi, wadda a Legas ɗin aka kafa ta tun 1954, tana da ƙarfi a nan. Idi-Araba, inda ɗaliban likitanci ke karatu, tsohon mazaunin Hausawa ne mai sarkinsa da kasuwarsa, inda tuwo da fura ba sa wahalar samu. Gaskiya ne unguwar ta ga mummunan rikici a 2002, kuma akwai iyayen da har yau abin bai fita daga ransu ba. Amma mutanenta suna nan, suna harkokinsu.

Zaman bakin ruwa ya shafi karatu da rayuwa duka. Jami'ar na da sashen nazarin teku da kiwon kifi, wanda tafkin da ke bayanta ya zame masa ɗakin gwaji. Kusancinta da tashar jiragen ruwa ta Apapa, da hedikwatocin bankuna, da kasuwar hannun jari, da kamfanonin fasahar kwamfuta da suka taru a Yaba, ya sa ɗalibin injiniyanci ko akanta ko shari'a kan samu wurin koyon aiki tun bai gama ba. A sashen shari'arta tsohon Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya yi karatu, ya kuma koyar. Ta ɗaya gefen, iskar wurin na ɗauke da laima da gishiri: ƙarfe na saurin tsatsa, takalmin fata da aka ajiye ƙarƙashin gado kan yi funfuna cikin 'yan makonni, wanki ya kwana biyu a igiya bai bushe ba a watan Yuni da Yuli. Sauro kuma ba ya hutun rani.

Babbar matsalar ita ce wurin kwana. Gadajen da ke cikin makaranta ba sa isar ko rabin ɗalibai, ana raba su ne ta intanet, kuma kan ƙare cikin ɗan lokaci. Wanda bai dace ba sai ya raɓa da aboki a ɗaki, ko ya nemi haya a Bariga, Abule Oja, Onike ko Iwaya, inda mai gida ke son kuɗin shekara a dunƙule, dillali ya karɓi nasa, a ƙara da na yarjejeniya. Ɗan Legas na iya zuwa daga gidan iyayensa ko da zai sha cunkoso. Ɗan Gusau ba shi da wannan zaɓin. A 2023 jami'ar ta ƙara kuɗaɗen da ɗalibai ke biya daga kusan naira dubu 20 zuwa sama da dubu 100, na masu likitanci ya kai dubu 190, sai da aka yi zanga-zanga kafin a ɗan rage. Asusun bashin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024 ya sassauta wani ɓangare, amma bai kai ya biya hayar Legas ba.

A nan ne gwamnatocin jihohin Arewa suka gaza. Jihohin da ke iya ɗaukar nauyin ɗaruruwan ɗalibai zuwa ƙasashen waje ba za su kasa kama gida ɗaya a Akoka domin 'ya'yansu ba, ko su biya tallafin karatu a kan kari ga wanda ya ci gurbi da guminsa. Hukumomin tallafin karatu da shugabannin sakandare su bayyana wa 'yan ajin ƙarshe wannan rabo na 45 da 35 da 20 kafin a buɗe sayar da fom, iyaye kuma su bar yaron da ya kai makin ya cike Legas idan can yake so.