Ko Kun Sani?

Ko kun san wayar da ke aljihun manomi tana iya ceton gonarsa? A shekarar 2016 tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon, ta yi wa tumatirin Kadawa da Kura kaca-kaca, har kwando ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Tsutsar tana shiga tsakiyar ganye ne ta ci naman cikinsa, ta bar farin tabo kamar leda. Idan aka ɗaga ganyen saitin hasken safiya aka ɗauki hoto kusa-kusa, ana iya hango ta a ciki.

Sai dai a kula idan za a tura wa malamin gona hoton. Kwalliyar da matasa ke yi wa hoto tana ƙara wa kore ƙarfi, ta ɓoye rawayar da malamin gona ke nema. WhatsApp kuma yana matse hoto ya rage masa tsabta, sai an danna HD, tsarin da ya fito a 2023.

Manoman Garun Mallam, ku goge gilashin kyamara, ku tura hoton ganye yadda yake.